Hannun Mataji

Ƙarfe huɗu na yamma ne, ranar Laraba, kuma tun tsakar rana ake ruwa, irin yayyafin nan da ba ya ƙarfi, ba ya kuma ɗaukewa. Mai Aski ya rufe shagonsa da wuri. Yana zaune a ɗakin Malam Sanƙo, a kan wani benci da ya yi masa gajarta, gwiwoyinsa suna dungurar cikin fiyano, gumi yana bin bayan kunnensa kamar ba sanyi ake ba.

"Sake," in ji Malam Sanƙo.

Ya sake. Hannun dama ya san hanyarsa, wannan ba magana. Wata uku ke nan yana bin waƙar, har in yana barci yatsun sukan motsa a kan bargo. Hannun hagu ma, in aka bar shi shi kaɗai, yana yin abin da aka sa shi: sauti uku masu kauri, ya koma, ya sake. Amma da zarar an ce su tafi tare, sai hagu ya yi wuf ya riga sauka, dama ya biyo shi a baya da ɗan kaɗan, bai fi ƙiftawar ido ba.

"Tsaya, tsaya. Ka ji kuwa? Waƙarka ɗingishi take yi. Ta-dam, ta-dam. Ni kuwa dam na ce maka. Guda ɗaya. Tare!"

Malam Sanƙo tsohon malamin kiɗa ne. Ya yi shekara talatin yana koyar da 'yan makaranta kafin ya ajiye aiki, kuma su ne suka laƙaba masa sunan, don kansa ko silin gashi babu. Ranar da Mai Aski ya fara zuwa wurinsa ya ce, "Malam, in ka koya mini, askinka kyauta ne har ƙarshen rayuwa," tsohon ya shafa kansa ya ce, "Ka zo da tayinka a makare da shekara ashirin." Duk da haka ya karɓe shi.

Yanzu ya zaro fensir daga bayan kunne, ya rubuta a saman takardar waƙar da manyan baƙaƙe: TARE. Karo na uku ke nan. Ya bi kan na da, yana dannawa, har takardar ta kusa hujewa.

"Malam, Asabar fa," in ji Mai Aski.

"Na sani."

"Yau Laraba."

"Ina da kalanda, ga ta can. Ka kwantar da hankalinka. Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba. Ni kuwa, Malam, ba ni da daɗewar."

Tsohon ya dai nuna masa farkon layi da bakin fensir.

Abin da ke tafe ranar Asabar mota ce. Za ta ɗauki Mama ta kai ta gidan Yaya, babbar 'yarta, a wani gari mai tafiyar yini da rabi. Shekara biyu ke nan da ciwon mantuwa ya kama Mama. Da makulli ya fara, sai tukunya a kan wuta, sai sunayen maƙwabta. Sannan wata rana Mai Aski ya shigo da ledar magani ya ce, "Mama, sannu da gida," sai ta ja mayafi ta ce, "Bawan Allah, wa kake nema?" Shi da take kira Auta tun yana goye, shi da har ya kai arba'in da huɗu ba ta daina leƙa kwanonsa ta ga ko ya cinye ba. Wata takwas ke nan bai ji Auta daga bakinta ba. Kullum shi ne bawan Allah. In ya shigo, sai ta tura jakarta ƙarƙashin matashi.

Watan jiya ta sauka daga benensu da sassafe, ba takalmi, aka tsince ta a tashar bas tana tambayar mutane hanyar gidan ubanta. Yaya ta ce ya isa haka. Gidanta a ƙasa yake, ba matakala, ga 'yan mata uku da za su riƙa kula. Mai Aski ya yarda, don gaskiya ce. Fiyanon gidan kuwa ba zai bi su ba. Ƙarti shida ne suka hau da shi hawa uku, shekara talatin da suka wuce, kuma har yau akwai tabon kusurwarsa a bangon matakala.

Na Baba ne. Shi ma mai aski ne, shagonsa a cikin wani otal yake. Makaɗin otal ɗin ya ɗan nuna masa inda ake sa yatsu, kuma da otal ɗin ya rufe aka rasa mai ɗaukar wannan nauyi, sai Baba ya ce a ba shi. Waƙa ɗaya tak ya iya, shi ya ƙirƙire ta, ba ta da suna. Kullum in ya dawo daga aiki, kafin ma ya wanke hannu, sai ya zauna ya kaɗa ta, Mama tana kicin tana binta da hanci. Da ya rasu aka rufe fiyanon, aka shimfiɗa masa ƙyalle, ya zama wurin ajiye hotuna da kwalaben magani.

Wata uku da suka wuce Mai Aski yana goge ƙura, ya buɗe murfin, yatsansa ya faɗa kan sauti uku na farko. Mama, wadda tun safe ba ta ce uffan ba, ta ɗora na huɗu da na biyar da hanci. Sannan ta yi shiru, ta koma kallon taga. Ya tsaya da tsumma a hannu. A ranar ya sa wa ransa cewa in ta ji waƙar duka, yadda Baba yake yinta, ƙila ƙofar ta buɗe ko da na minti ɗaya, ta dubi wanda yake zaune ta ce Auta. Ya rera wa Malam Sanƙo waƙar da baki, tsohon ya rubuta ta, ya haɗa mata hannun hagu. Da hannun dama ya zauna, ya gwada wa Mama shi kaɗai. Ta ɗan karkata kai, ta ce, "Ina sauran?" To, sauran yana hannun hagu.

Ranar Alhamis ma ruwa aka tashi da shi. A shago, a kan katakon da ke ƙarƙashin madubi, Mai Aski ya zana maɓallan fiyano da alƙalami, farare da baƙaƙe, tsakanin kwalbar mai da gwangwanin hoda. In babu kowa a kujera sai ya tsaya yana dannawa. Direban bas da ke zuwa duk Alhamis ya tarar da shi a haka.

"A'a! Har yanzu ana nan ana tausar katako? Ka taɓa jin ya yi kuka kuwa?"

"Zauna, kai dai."

"An ce gemu ba ya hana ilimi, amma kai da kake aske na mutane ai sai ka yi hattara, alhakin gemu yana da yawa."

Mai Aski ya yi yaƙe, ya ɗaura masa ƙyalle a wuya. Sai ga wani tsoho ya shigo, mai son almakashi, ba ya yarda inji ya taɓa kansa, sai direban ya ce a fara da tsohon. Ana cikin haka Malam Sanƙo ya shigo yana kaɗe lema, wai gashin baki ya zo a daidaita masa. Ya zauna a benci yana kallo. Can sai ya miƙe tsaye.

"Kada ka tsaya. Ci gaba. Yi a hankali in gani."

Mataji a hagu ya shiga ya ɗaga gashi, almakashi a dama ya ce ƙyas. Mataji ya ɗaga, almakashi ya ce ƙyas.

"Wa ya koya maka aski?"

"Babana."

"Me ya ce maka ranar farko?"

"Cewa ya yi mataji ne ke gaba, almakashi yana biye. In almakashi ya riga mataji, to, kunnen mutum ne a ƙasa."

"Tun yaushe?"

"Tun ina sha huɗu."

Malam Sanƙo ya dafe sanƙonsa da hannu biyu. "Na kama ɓarawona! Shekara talatin hagu yana shiga gaba dama yana binsa, sau dubu a yini, ni kuma ina ta yi maka ihu. Ba kunnenka ne ke da laifi ba, bawan Allah, sana'arka ce."

"To yaya za a yi, Malam?"

"Karya shi za mu yi. Ajiye waƙa tukuna. Ɗaga hannu biyu, ka sake su a kan katakon nan lokaci guda, kamar ka ajiye tire mai zafi. In ka ji ƙara biyu, ba ka yi ba. Har sai ka ji ɗaya. Daga nan ka yi da yatsa ɗaya-ɗaya. Daga nan waƙa."

Da tsohon mai son almakashi ya tafi, Mai Aski ya ce wa direban ya ba shi minti biyar. Ya yi ta buga katako. Fam. Fam. Ta-fam. Fam. Tela na shagon kusa ya leƙo ya tambaya ko ɓera ake kashewa. Minti biyar ya zama rabin awa, tafukansa suka yi jawur. Sannan ya ɗauki mataji da almakashi ya tsaya a bayan direban, kansa cike da tare, tare, tare. Hannayen suka sauka lokaci guda.

"Wayyo! Kai! Kunnena ne fiyanon?"

Ɗan yanka ne, a saman kunne, amma jini ya fito. Mai Aski ya tsaya yana kallon jan ɗigon a kan farin ƙyalle. Shekara talatin bai taɓa fitar wa mutum jini da almakashi ba. Ya danna auduga yana ta ba da haƙuri. Direban ya buɗe baki zai ƙara wata, sai ya ga fuskarsa a madubi, ya fasa.

"Bar shi, ba komai. Ina da wani a ɗaya gefen. Yaya jikin tsohuwar?"

"Jibi za su tafi da ita."

Aka gama askin, direban ya miƙe. Bayan ya fita, Mai Aski ya juya allon ƙofa ya rufe shago, bai ƙara taɓa kan kowa ba ranar. Ya koma kan katako.

Ranar Juma'a da yamma falon Mama ya cika da kwalaye. Yaya ta iso tun jiya, tana durƙushe tana naɗe kofuna a cikin tsofaffin jaridu. An kwashe hotuna daga kan fiyano, an bar wurarensu fari-fari a jikin katako. Malam Sanƙo ya hau hawa ukun yana haki, ya jingine lemarsa a bayan ƙofa, ya gaida Mama. Ta amsa masa da fara'a, kamar yadda take amsa wa duk baƙo. An zaunar da ita a kujerarta ta kusa da taga.

Mai Aski ya goge tafukansa a wando. Ya kafa takarda a gabansa, TARE tana kallonsa. Ya ƙirga a zuci, ya fara.

Wallahi ya yi ta. Tun daga farko har ƙarshe, hagu da dama suna sauka kamar an ɗaure su da igiya ɗaya, ba tuntuɓe, ba ɗingishi. Wuyansa ya sandare, haƙoransa a cije, amma ya kai ta gida. Da sauti na ƙarshe ya mutu, ya ji Malam Sanƙo a bayansa ya ce a hankali, "Madalla."

Ya juya.

Mama tana kallon ruwan da ke gangarowa a gilashi. Ta miƙa hannu ta taɓa Yaya a kafaɗa.

"Baiwar Allah, wannan mai gyaran yaushe zai gama? Kaina yana ciwo."

Can Mai Aski ya ce, "Bari in sake. Ƙila na yi sauri."

Ya sake, a hankali. Ya kuma sakewa. A karo na huɗu Mama ta toshe kunnuwanta da tafin hannu.

"Auta, ya isa," in ji Yaya. "Ka yi iyakar ƙoƙarinka. Kowa ya gani."

"Ba kowa nake so ya gani ba, Yaya."

"To me kake so in yi maka? Ni ma baiwar Allah ce a wurinta. Ka ji na yi kuka?"

"Ke za ki tafi da ita. Kullum za ki riƙa ganinta. Ni me aka bar mini? Wannan akwatin?"

Ya bugi murfin da tafin hannu, fiyanon ya yi gurnani daga ciki. Mama ta firgita, ta laluba jakarta ta rungume. Nan take ya ji kunya ta rufe shi. Ya durƙusa ya ce, "Yi haƙuri, Mama," ta janye ƙafarta. Malam Sanƙo ya yi sallama ƙasa-ƙasa ya sauka, har ya manta da lemarsa.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe, ruwan bai fasa ba. Mijin Yaya ya kawo mota bakin gida. Mai Aski ya yi ta hawa da sauka da kwalaye har rigarsa ta manne masa a baya. Da ya hau na ƙarshe, Mama tana zaune a kujerarta an sa mata takalmi da rigar sanyi, jaka a cinya, kamar mai jiran layin asibiti. Yaya tana cikin ɗaki tana neman katin likita, tana ta buɗe durowa tana rufewa. Malam Sanƙo ya dawo ɗaukar lemarsa, yana tsaye a bakin ƙofa yana maida numfashi. Daga ƙasa mijin Yaya ya danna hon sau biyu.

Mai Aski ya ɗauko ƙyallen nan zai rufe fiyano. Ya zauna a bencin don ƙafafunsa sun gaji, ƙyallen a kafaɗa. Bai dubi takarda ba, bai ƙirga ba, bai ma juya wajen Mama ba. Ya riga ya fid da rai. So yake kawai ya ji ta sau ɗaya a ɗakin nan kafin ya zama kango. Ya sa hannu, ya bar su suka yi abin da suka ga dama. Hagu ya shiga gaba, dama ya biyo. Ta-dam. Ta-dam. Duk wahalar kwana biyu ta zube, waƙar ta koma jan ƙafarta.

A layi na biyu ya ji wani abu a bayansa, siriri, kamar sauro. Hanci ne. Mama ce take bi.

Bai tsaya ba. Tsoro ya hana shi ko numfashi mai ƙarfi. Ta bi shi har ƙarshe, tana jira a daidai inda hagu yake jiran dama. Yaya ta fito daga ɗaki da kati a hannu ta tsaya cak.

Mama ta yi 'yar dariya. "Maigida, kai dai har yau waƙar nan taka ba ta daina ɗingishi ba."

Ashe haka ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Hannun da ya koya masa mataji shi ne hannun da ya yi waƙar, shekara da shekaru, kafin ma a wanke shi daga gashin mutane.

Ya juyo a hankali. Tana kallonsa sosai, idonta a buɗe, da haske a ciki. Ya jira.

"Ka bar kiɗan nan haka," ta ce. "Ka leƙa ka gani ko Auta ya dawo daga makaranta. Ruwa ake yi, kuma na san bai ɗauki lema ba. Yaron nan ba ya jin magana."

Yaya ta sa katin a baki ta cije. Mai Aski ya buɗe baki zai ce ga ni, Mama, ni ne. Sai ya ga yadda ta ƙura masa ido tana jiran labarin ɗanta, goshinta a tattare da damuwa, ya san in ya faɗa hasken nan zai mutu.

"Ya dawo," ya ce. "Yana nan lafiya. Bai jiƙe ba."

"Ya ci abinci?"

"Ya ci. Ya cinye tas."

"To, alhamdu lillahi." Ta jingina, ta saki jakar. "Sanyi ba ya yi masa kyau, ka sani. Ka riƙa lura da shi."

"Zan lura."

Hon ya sake tashi daga ƙasa, dogo. Yaya ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Auta, hanya da nisa." Ya ce ya sani. Ya durƙusa ya juya wa Mama baya, Yaya ta taimaka aka ɗora ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ya sauka da ita hawa uku, taka ɗaya-ɗaya, suka wuce tabon nan na bango. Kafin su kai ƙasa ta daina bin waƙar. Da ya zaunar da ita a mota ya gyara mata mayafi, ta dube shi da ladabi ta ce, "Sannu, bawan Allah. Allah ya yi maka albarka."

"Amin, Mama."

Ya tsaya a cikin ruwa har motar ta sha kwana wajen kantin magani. Sannan ya hau, a hankali, yana riƙe ƙarfen matakala.

Falon ba kowa. Lemar bayan ƙofa ta tafi, mai ita ma haka. An ɗauke ƙyallen daga ƙasa inda ya faɗi, an ninke shi a kan benci. Takardar waƙar tana nan a kafe inda ya bar ta, sai dai samanta fari ne. An goge TARE, duka ukun, sai ɗan kwarmin da fensir ya bari. Ɓurɓushin abin gogewa ya zuba a kan fararen maɓallai.

Mai Aski ya sunkuya ya hure shi.